Manomin Alkamar da Yaƙi Bai Sake Shi Ba: Fashin Baƙi Kan Rayuwar Hugo Throssell

Ranar 19 ga Nuwamba 1933, a Greenmount, wani ƙauye da ke kan tsaunukan gabas da birnin Perth a Yammacin Ostireliya, Kyaftin Hugo Throssell ya kashe kansa yana da shekara 49. Mutumin nan yana riƙe da Victoria Cross, lambar jarumta mafi daraja a duk daular Birtaniya, kuma cikin dubban sojojin doki da Ostireliya ta tura Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi kaɗai ya same ta. Ya bar rubutu. A ciki ya ce bai taɓa farfaɗowa daga abin da ya same shi tsakanin 1914 da 1918 ba, sannan ya roƙi hukuma ta tabbatar matarsa da ɗansa sun sami fanshon da aka saba ba iyalan sojoji.

Tun daga lokacin ake ja-in-ja kan abin da ya kai shi ga haka. Abokansa suka ce sanƙarau ne da ya kama shi lokacin yaƙi ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Wasu suka ce bashi ne. Wasu suka ɗora wa matarsa da siyasarta. Wasu kuma suka ɗora wa mutanen garinsu da suka juya masa baya. Kowane ɓangare yana da hujjar da zai riƙe, amma ni a ganina neman sababi guda ɗaya tal shi ne kuskuren, kuma ba banza aka dage da nemansa ba: dokar fansho ta ƙasar ce ta tilasta hakan. Kafin a kai ga wannan batu, sai an san wane ne mutumin.

An haife shi ranar 26 ga Oktoba 1884 a Northam, garin manoma a kwarin kogin Avon, kimanin kilomita 100 daga Perth. Ƙasar mutanen Noongar ce tun kafin zuwan Turawa, kuma gonakin alkamar da ake alfahari da su a kanta aka share su; duk labarin rabon ƙasa da zai zo nan gaba, a riƙa tuna wannan. Mahaifinsa George Throssell ɗan kasuwa ne mai kanti, wanda ya mamaye siyasar garin har ake masa laƙabi da Zakin Northam, ya kuma riƙe firimiyan Yammacin Ostireliya na 'yan watanni a 1901. Hugo ne autan maza. An kai shi makarantar Prince Alfred a Adelaide, inda ya yi suna a dambe da guje-guje da ƙwallo, kuma gida da waje Jim ake kiransa. Ashe dai ba ɗan talaka ba ne. Amma dukiyar uba ba ta hana shi shiga daji ba: shi da wansa Frank Eric, wanda ake kira Ric, suka kama gona a Cowcowing, can cikin yankin alkama inda ruwan sama ba shi da alkawari.

A 1914 fari mai tsanani ya afka wa kudancin Ostireliya, alkama ta ƙone a gonaki. A shekarar kuma yaƙi ya ɓarke a Turai. Masu ba da labarin yadda samarin karkara suka yi tururuwar shiga soja sukan tsaya a kan kishin sarki da daula, kuma ba ƙarya ba ne, akwai shi. Sai dai ga saurayin da gonarsa ta bushe, albashin sule shida a rana da ake ba kurtun Ostireliya, wanda ya ninka na kurtun Ingila sau da yawa, ba ƙaramin abu ba ne. Ric da Hugo suka bar gonar suka shiga Runduna ta 10 ta sojojin doki, wadda aka kafa a Yammacin Ostireliya, akasarinta 'yan karkara da suka tashi a kan sirdi. Kowa a cikinsu da ƙafarsa ya kai kansa. Sau biyu gwamnati ta nemi izinin tilasta wa maza zuwa yaƙi ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, a 1916 da 1917, sau biyu jama'a suka ƙi. Duk da haka ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan biyar ba ta ba da fiye da mutum 400,000, kimanin 60,000 daga ciki ba su dawo ba.

Dawakan ba su yi amfani a fagen farko ba. Gallipoli zirin ƙasa ne mai tuddai da kwazazzabai a bakin mashigin Dardanelles, kuma Birtaniya da Faransa sun kai hari can ne don su buɗe hanyar ruwa zuwa Istanbul su fitar da Daular Usmaniyya daga yaƙin. Aka bar dawaki a Masar, mahayan suka shiga ramuka da ƙafa. Throssell, yana ƙaramin laftana, ya sauka can ranar 4 ga Agusta 1915. Kwana uku bayan haka aka jefa rundunarsu cikin harin da ake kira Nek.

Wurin ɗan siririn tudu ne, tazarar da ke tsakanin ramukan ɓangarorin biyu ba ta wuce 'yan taku ba. An tsara mutum 600 su fita sahu huɗu, 150 a kowane sahu, bayan igwa ta gama lugude a kan ramukan Turkawa. Igwar ta yi shiru minti bakwai kafin lokacin da aka tsayar, Turkawa suka samu sukunin komawa bakin bindigoginsu. Sahu na farko ya fita, aka share shi. Na biyu ma haka. Kwamandan Runduna ta 10 ya nemi a dakatar, aka ce masa a ci gaba. Kafin rana ta ɗaga mutum 234 sun mutu, a cikinsu akwai kimanin 80 daga rundunar Throssell, kuma ko taku ɗaya ba a ci ba. Shi ya fita da ransa. Mutanen da ke kwance a filin ba baƙi ba ne a wurinsa; 'yan jiharsu ne, 'ya'yan gidajen da ya sani.

Mako uku bayan nan aka tura ragowarsu Tudu na 60, hari na ƙarshe mai girma a duk yaƙin Gallipoli. Da tsakar daren 29 ga Agusta suka kutsa wani rami da Turkawa ke riƙe da shi. Throssell da 'yan mutanensa suka jera buhunan yashi suka toshe ramin, abokan gaba na ɗaya gefen shingen, suna jin numfashin juna. Abin da ya biyo baya faɗan gurneti ne har gari ya waye: a jefo, su cafe ko su tsince kafin ya fashe, su mayar. Wanda ya yi jinkirin daƙiƙa ɗaya ya rasa hannu ko rai. Turkawa suka yi ta kawo farmaki ana mayar da su. Takardar da ta ba shi lambar ta ce an ji masa munanan raunuka a wurare da dama, ya ƙi barin wurin har haɗari ya wuce, da aka ɗaure masa raunukan kuma ya koma bakin daga, sai da likitan soja ya ba shi umarni sannan ya fita.

Wajibi ne a faɗi abin da labaran jarumta sukan tsallake. Waɗanda ke ɗaya gefen buhunan yashin su ma manoma ne, 'yan ƙauyukan Anatoliya da na ƙasashen Larabawa, kuma su ƙasarsu aka shigo wa. Asarar rayukan da suka yi a Gallipoli ta ninka ta Ostireliya, wadda ta rasa fiye da mutum 8,000, sau da yawa. A Disamba aka kwashe sojojin Ostireliya daga zirin cikin dare, ba a cimma komai ba.

An kai Throssell asibiti a Ingila. A wannan tsakanin ne ya yi fama da sanƙarau, cutar da ko an warke takan bar tabo a kai. A Landan ya haɗu da Katharine Susannah Prichard, marubuciya 'yar Ostireliya. Sarki George na Biyar ya maƙala masa lambar, aka mayar da shi gida a 1916, ƙasa ta tarbe shi kamar ta haɗiye shi don murna, a daidai lokacin da gwamnati ke neman sababbin samari ido rufe. Da ya so, da ya yi zamansa. Babu wanda zai ce masa uffan. Ya koma wa rundunarsa a Masar.

A Afrilu 1917 aka yi karo na biyu a Gaza, Gazar nan dai da kowa ya sani a yau. Sojojin Birtaniya suka tunkari ramukan Usmaniyya gaba da gaba a fili fetal, suka kwashi kashinsu a hannu, mutum fiye da 6,000 suka mutu ko suka jikkata ko suka ɓace. An sake ji wa Hugo rauni. Ric kuma bai dawo ba. Da dare ya yi, Hugo ya ja jiki ya shiga filin ana harbi, yana bin gawawwaki da masu nishin mutuwa, yana yin fiton da suka saba kiran juna da shi tun suna yara. Babu wanda ya amsa. Duk wanda zai yi maganar abin da ya faru a 1933 ba tare da ya tsaya a kan wannan dare ba, bai fara ba tukuna. Tare suka share gona, tare suka shiga soja, shi aka ba lamba, wansa aka kashe.

Ya ci gaba da yaƙin Falasɗinu, kuma shi ya jagoranci sojojin faretin girmamawa na rundunarsu lokacin da Ƙudus ta faɗa hannun Janar Allenby na Birtaniya a Disamba 1917. Ya dawo gida a 1918, ya auri Katharine a Melbourne ranar 28 ga Janairu 1919, suka tare a wata 'yar gona mai eka 40 a Greenmount.

A Yuli 1919 aka yi bikin zaman lafiya a faɗin daular. Northam ta gayyaci ɗanta, ɗan Zakin gari, ya hau doki a gaban jerin gwano, aka kuma ba shi dandali ya yi jawabi. Ya tashi ya ce yaƙin ya mayar da shi ɗan gurguzu. Ya ce abin da ya gani ya sa shi tunani da bincike kan abin da ke haddasa yaƙe-yaƙe, kuma ya gano ba za a rabu da su ba muddin ana tafiyar da tattalin arziki don riba, muddin akwai masu yin kuɗi da jinin wasu. A taƙaice, kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Taron ya yi tsit.

Sai an fahimci zamanin kafin a gane nauyin wannan magana. Juyin juya halin Rasha bai cika shekara biyu ba, kalmar gurguzu a kunnen manomi mai ra'ayin riƙau daidai take da cin amanar ƙasa. Sannan a gaban dandalin akwai iyayen da suka rasa 'ya'ya a Nek da Gaza da Faransa, waɗanda abin da ya rage musu kawai shi ne imanin cewa yaran sun mutu a kan wani abu mai daraja. Ba na ganin laifinsu da maganar ta soke su. Amma shi ma yana da gawa a Gaza, kuma a duk filin nan babu wanda ya fi shi cancantar ya faɗi abin da ya gani. An so jarumin, ba a so shaidarsa ba. Abu mafi sauƙi shi ne a ce ba ra'ayinsa ba ne, matar ce ta juya masa kai, ko kuma ciwon ne ya taɓa shi. Katharine ta kasance cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Kwaminis ta Ostireliya a 1920, wannan gaskiya ne, kuma ba shakka ta yi tasiri a tunaninsa. Sai dai mutumin da ya ga an tura sahu na uku da na huɗu cikin wuta bayan an ga abin da ya sami na farko da na biyu, ba ya bukatar mace ko littafi su koya masa shakkar masu ba da umarni.

Aikin da ya samu bayan yaƙi ya sa shi a tsakiyar babbar matsalar sojojin karkara. Shi ne wakilin tsofaffin sojoji a hukumar da ke zaunar da su a gonaki a Yammacin Ostireliya. Shirin, a takarda, kyakkyawa ne: gwamnatin tarayya ta ba jihohi rance, jihohi su yanka filaye, su ba sojan da ya dawo gona da bashin kayan aiki da dabbobi, ya biya a hankali. Kusan mutum 40,000 suka karɓa a faɗin ƙasar. Matsalar ita ce ba kyauta aka ba su ba, bashi ne da kuɗin ruwa. An sayi filaye da tsada lokacin da farashin amfanin gona ke sama, aka ɗora wa sojan kuɗin, sannan farashi ya faɗo. Gonaki da yawa sun yi ƙanƙanta da ba za su riƙe iyali ba, wasu kuma a yankunan da ruwa ba ya isa. Ga zomaye masu cinye shuka da ciyawa. Ga shi kuma an ɗauki mai huhun da iskar guba ta ƙona, ko mai ƙafa ɗaya, ko wanda ba ya iya barci, an ce ya sare itatuwa ya share daji. Da Mai Shari'a Pike ya binciki shirin a 1929, ya tarar an yi asarar fiye da fam miliyan 23, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen sun riga sun bar gonakin. Wannan fa kafin babban karyewar tattalin arziki ke nan. Sojojin da suka fito daga 'yan asalin ƙasar, su kimanin dubu, kusan babu wanda ya sami ko wannan bashin. 'Yan ƙalilan ne ƙwarai aka ba fili a ƙasar kakanninsu.

Sai 1930 ta zo. Gwamnatin Firaminista Scullin ta roƙi manoma su ƙara noman alkama, ta yi musu alkawarin farashin da ba zai sauka ba. Suka noma, majalisar dattawa ta yi watsi da dokar, farashi ya rushe a kasuwar duniya. A 1931 aka zaftare albashi da fansho. A 1932 kusan mutum ɗaya cikin uku na ma'aikata ba shi da aiki. Throssell ya rasa kujerarsa a hukumar, kuma Katharine ta yi imani siyasarta ce ta jawo masa. Ya taɓa dillancin filaye, a lokacin da babu mai saye. Ya bi 'yan haƙar zinariya zuwa Larkinville, inda a farkon 1931 aka tono wani dunƙulen zinariya mai nauyin fiye da oza 1,100, ya dawo hannu rabbana. Ana ba da labarin ya kai lambarsa jingina aka taya ta sule goma.

Dabararsa ta ƙarshe ita ce wasan dawakai masu tutsu a gonarsa, abin da ya iya tun yana yaro. Katharine tana Tarayyar Sobiyet a ziyarar wata shida. Ya kashe kuɗin da ba shi da su ya shirya fili, mutum kimanin 2,000 suka zo. Ranar Lahadi ce, kuma doka ta hana karɓar kuɗin shiga a ranar Lahadi. Bai sani ba. 'Yan silallan da aka tara na sadaka ne. Bashi ya ƙaru a kan bashi. A Landan, a hanyarta ta dawowa, matarsa ta ga labarin mutuwarsa a jarida. Ɗansu, wanda ya ci sunan Ric, yana da shekara 11.

To, a koma ga rubutun da ya bari. Mutum ne yake ban kwana da duniya, amma kalamansa kalaman mai cike takardar neman haƙƙi ne. Dalili kuwa shi ne tsarin Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wadda suke kira Repat, da aka kafa a 1918. Tsarin ya fi na ƙasashe da yawa karamci, kuma har ƙarshen shekarun 1930 fiye da tsofaffin sojoji 70,000 na karɓar fanshon naƙasa. Amma sharaɗinsa ɗaya ne: sai an nuna yaƙi ne ya jawo ciwon ko mutuwar. Yankakkiyar ƙafa ba ta bukatar hujja. Rashin barci, firgita, ciwon kai da ƙuncin zuciya kuwa, likita na iya cewa halitta ce, ko giya, ko matsin rayuwa. In bashi ne ya kashe mutum, matarsa ba ta da ko kwabo. In yaƙi ne, tana da fansho. Throssell ya yi shekaru yana wakiltar tsofaffin sojoji a gaban hukuma, ya san wannan ciki da bai. Ya kai matsayin da ya lissafa cewa iyalinsa za su fi samun abin rufin asiri da mutuwarsa a kan rayuwarsa. Lissafin mara lafiya ne, kuma kuskure ne mai ciwo, domin babu fanshon da ya maye wa yaro ɗan shekara 11 gurbin uba. Amma ba daga sama ya zo da lambobin ba. Doka ce ta jera masa su.

Shi ya sa nake ganin rarraba sababan nan aikin ofis ne, ba na gaskiya ba. Bashin bai zo shi kaɗai ba, ya sami kan da sanƙarau da gurneti suka riga suka girgiza. Ƙyamar da aka nuna masa ta rage ƙofofin da zai ƙwanƙwasa a lokacin da ya fi bukatarsu. Masu cewa siyasa ce kawai, su dubi Martin O'Meara, mai saran katakon layin dogo a dajin Yammacin Ostireliya, wanda ya sami irin lambar a Pozières da ke Faransa a 1916 saboda ɗauko masu rauni a ƙarƙashin ruwan wuta: ya dawo a 1918, hankalinsa ya gushe cikin 'yan kwanaki, ya ƙare rayuwarsa a asibitin masu taɓin hankali a Perth a 1935. Su dubi Albert Jacka, ɗan karkarar Victoria, ɗan Ostireliya na farko da ya sami lambar a wannan yaƙi: kasuwancinsa ya rushe a 1930, ya mutu a 1932 yana da shekara 39. Ba kuma kowa ne ya ƙare haka ba. Harry Murray, ɗan Tasmania, ya kama makeken wurin kiwon tumaki a Queensland, ya zauna lafiya har ya kai shekara 85. Bambancin da ke tsakaninsu ba na jarumta ba ne, domin duka huɗun lamba ɗaya suke riƙe da ita.

An binne Throssell a maƙabartar Karrakatta da cikakkiyar girmamawar soja. Mutanen Greenmount sun gina masa rumfar tunawa ta dutse a bakin babbar hanya a 1954. Northam, garin haihuwarsa, ta yi shekaru da dama tana kau da kai, sai a 2015, shekara ɗari bayan Gallipoli, aka kafa mutum-mutuminsa a cikin gari. Ɗansa Ric ya shiga aikin diflomasiyya, amma zargin alaƙa da Sobiyet da ya taso a binciken Petrov na 1954, wato binciken leƙen asirin Sobiyet a Ostireliya, ya tsayar masa da ci gaba, ko da yake ba a taɓa gurfanar da shi a kan wani laifi ba. A 1983 ya ɗauki lambar mahaifinsa ya ba wata ƙungiya mai fafutikar kawar da makaman nukiliya, don ta sayar ta yi aikinta da kuɗin. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta RSL ce ta saya, ta miƙa ta ga gidan tarihin yaƙi na ƙasa da ke Canberra.